BABI NA UKU: GUDANAR DA SHIRIN GYARAN ƊABI'AR YARO A GIDA DA BIN DIDDIGINSA A BIRNIN SAKKWATO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin yaro a al'adar Bahaushe da irin tarbiyyar da yake samu tun daga goyo har zuwa balaga. Wannan babi kuwa zai karkata ne ga yaron da tarbiyyar da aka saba da ita ba ta kama shi ba. Ana nufin yaron da ya kai shekara huɗu ko biyar bai buɗe baki ba, ko mai ƙiriniyar da ta wuce ta tsararrakinsa, ko mai kururuwa da birgima a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ko wanda ya girma bai daina fitsarin kwance ba. Irin wannan yaro idan aka kai shi asibiti, sau da yawa abin da ake ba iyayensa ba ƙwaya ba ne, ba kuma allura ba. Akan ba su shiri ne na koyarwa wanda za su riƙa gudanarwa a gida kullum, su kuma riƙa rubuta abin da suka gani. Za a dubi ma'anar wannan shiri da asalinsa, da yadda ake tsara shi, da hanyoyin da iyaye a birnin Sakkwato za su iya bi su san ko yana aiki ko ba ya yi, sannan a taɓo wuraren da yake cin karo da al'ada.

3.1 Ma'anar Shirin da Asalinsa

Abin da ake nufi da gyaran ɗabi'a a wannan nazari shi ne koya wa yaro wani hali da ake so, ko rage masa wani hali mai cutarwa, ta hanyar sauya abin da ke faruwa kafin halin da kuma abin da ke biyo bayansa. Tushen wannan ra'ayi yana komawa ga masanin halayyar ɗan Adam na Amurka B. F. Skinner, wanda tun a shekarun 1930 ya yi gwaje-gwaje da ɓeraye, daga baya kuma da tattabaru, ya nuna cewa duk aikin da ya jawo wa mai yin sa abin da yake so, to zai ƙara yin sa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin kuwa shi ne ya ce yaba kyauta tukuici. Abin da masana suka ƙara kawai shi ne tsari da ƙidaya.

A shekarar 1943 wani likita mai suna Leo Kanner ya bayyana halin wasu yara 11 a birnin Baltimo waɗanda ba su cuɗanya da mutane, ba su son a sauya musu abin da suka saba, maganarsu kuma ta bambanta da ta sauran yara. Wannan lalura ita ce ake kira otizim. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sukan fassara ta da galahanga, sai dai kalmar tana da faɗi, domin a bakin jama'a takan haɗa har da yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa da wanda aka haifa da raunin fahimta. Na tsawon shekaru bayan Kanner wasu masana sun ɗora laifin lalurar a kan uwaye, suna cewa rashin nuna ƙauna ne ya jawo ta. Bincike ya rushe wannan zargi. Daga cikin waɗanda suka yi tsaye wajen rushe shi akwai Eric Schopler na jihar Karolina ta Arewa, wanda a farkon shekarun 1970 ya mayar da iyaye abokan aikin likita maimakon waɗanda ake tuhuma.

Hujja mafi ƙarfi a kan muhimmancin iyaye ta fito ne daga aikin Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. A 1973 shi da abokan aikinsa sun bi diddigin yaran da suka koyar, sai suka tarar cewa waɗanda aka mayar hannun iyayen da aka horar sun riƙe abin da suka koya, waɗanda aka mayar gidajen renon gwamnati kuwa sun koma gidan jiya. A 1987 ya sake wallafa sakamakon yara 19 da aka koyar awa 40 a mako har tsawon shekara biyu ko fiye, inda 9 daga cikinsu suka iya zama a aji ɗaya da sauran yara. Wannan sakamako ya yi tashe, amma masana sun soke shi ta fuskar yadda aka zaɓi yaran, da kuma yadda aka yi amfani da tsawa da ɗan duka a cikinsa. Haka kuma wasu manya masu otizim da aka yi wa irin wannan horo suna ƙanana sun fito sun koka cewa an fi damuwa da su yi kama da kowa a kan a fahimci abin da ke damun su. Wannan koke abin dubawa ne, kuma shi ya sa shirye-shiryen da suka biyo baya suka fi karkata ga wasa da hira da ayyukan yau da kullum.

Awa 40 a mako a hannun ƙwararre abu ne da ko a Amurka sai mai hali. Wanda ya fi kusa da halin da ake ciki a nan shi ne gwajin da aka yi a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, aka wallafa a 2016, inda ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba suka horar da iyayen yara, aka kuma ga ci gaba a yadda uwa da ɗa ke fahimtar juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu reno na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, mai zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, wanda aka gwada a ƙasashe irin su Habasha da Kenya.

3.2 Dalilin da Nauyin ya Faɗo Kan Iyaye a Sakkwato

A cikin birnin Sakkwato da kewayensa akwai wuraren da iyaye kan nufa da irin wannan matsala. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai sashen yara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a kan hanyar Illela, sannan ta fuskar karatu akwai makarantar A. A. Raji ta yara masu buƙata ta musamman. Sai dai ƙwararru a wannan fanni kaɗan ne a ƙasar baki ɗaya. A 2022 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta bayyana cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma waɗanda suka keɓanta da yara wani ɗan yanki ne daga cikin wannan adadi. Idan aka haɗa wannan da ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarar, cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim, za a ga cewa babu yadda za a yi asibiti ya ɗauki aikin shi kaɗai.

Lissafin a fili yake. Mako guda yana da awa 168. Ko da likita ya ga yaro na rabin awa a kowane mako, sauran lokacin duka yaron yana hannun uwarsa da kakarsa da yayyensa ne, a tsakar gida ko a zaure ko a ƙofar gida. Saboda haka a nan ne za a koya, ko a kasa koya. Dogaro da dangi wajen jinyar ƙwaƙwalwa ma ba sabon abu ba ne a Nijeriya, domin tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda majinyaci ke zama tare da wani ɗan uwansa a gidajen mutanen ƙauye yana zuwa asibiti da rana.

Kafin iyaye su kai ga asibiti galibi sun riga sun bi wasu hanyoyi. Bahaushe yakan danganta irin wannan hali da taɓin iska ko sammu ko maita, wani lokaci har a kira yaron ɗan ruwa. Daga nan sai a shiga rubutun sha da tofi da turare da ruƙiyya. Wannan nazari ba ya nufin raina addu'a, kuma babu abin da ya hana a haɗa ta da shirin koyarwa. Inda matsala take shi ne a shafe shekarun farko na rayuwar yaro ana jiran iska ta fita, alhali Hausawa da kansu sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mafi muni kuma shi ne a kai ga ɗauri. Samamen da 'yan sanda suka kai a gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a 2019 ya nuna wa duniya inda gajiyar iyaye kan kai yaro idan ba su ga wata mafita ba.

Wajibi ne kuma likita ya fara duba lafiyar jikin yaro kafin a ce matsalarsa ta ɗabi'a ce. Sakkwato tana cikin yankin da sanƙarau kan ɓarke lokacin zafi, kamar yadda ya faru a 1996 da 2017, kuma kurumta tana daga cikin abin da cutar kan bari. Yaron da ake zaton taurin kunne gare shi, wataƙila ba ya ji ne ɗungurungum. Haka nan farfaɗiya da ciwon haƙori da ciwon kunne da cushewar ciki duk suna iya sa yaron da ba ya magana ya riƙa ihu, fitsarin kwance kuma yana iya zuwa tare da sikila ko ciwon suga ko ciwon mafitsara.

3.3 Yadda Ake Tsara Shirin

Matakin farko shi ne a zaɓi abu ɗaya ko biyu kacal, a kuma faɗe shi yadda kowa zai iya gani ya ƙirga. Idan uwa ta ce tana so ɗanta ya natsu, ba ta ba da abin aunawa ba, domin natsuwa a wurinta daban, a wurin kakarsa daban. Amma idan aka ce ana so ya zauna a kan tabarma har ya gama cin tuwonsa, ko ya nuna randa da hannu idan yana jin ƙishirwa, to ko ƙanwar uwa da ta zo yini za ta iya cewa ya yi ko bai yi ba.

Bayan haka sai a rarraba aikin gaɓa-gaɓa. Wanke hannu, alal misali, a idon babba aiki ɗaya ne, amma ga irin wannan yaro ya ƙunshi ɗauko buta, da tsugunawa, da jiƙa hannu, da shafa sabulu, da cuɗawa, da ɗaurayewa, da mayar da buta wurinta. Uwa takan ɗora hannunta a kan nasa su yi tare, sannan a hankali ta riƙa janyewa: daga kama hannu zuwa taɓa gwiwar hannu, daga nan zuwa nuni, daga nuni zuwa magana kawai, har ya yi da kansa. Wasu sukan fara sakar masa gaɓar ƙarshe, domin ya ɗanɗani daɗin kammalawa tun ranar farko. Malamin allo ya san wannan dabara, don ba ya biya wa ƙolo sabon karatu sai ya riƙe na jiya, ba ya kuma cika masa allo tun ranar da aka kawo shi.

Sai batun tukuici, wanda shi ne ƙashin bayan shirin. Sharaɗinsa biyu ne: ya kasance abin da yaron yake so da gaske, kuma ya zo nan take. Alƙawarin rigar Salla ba ya aiki ga yaron da bai san gobe ba. Ɓallin dabino ko ƙwayar gyaɗa ko aya ko ɗan ƙuli-ƙuli, ko goyo, ko a bar shi ya yi wasa da ruwa a kwano, duk sun wadatar. Ana ba da kaɗan-kaɗan ne don kada ya ƙoshi abin ya fita ransa, ana kuma haɗa shi da yabo, domin daga baya a janye abin ci a bar yabon. Yaron da ya ɗan tasa ana iya tara masa murafun kwalba a gwangwani, idan sun kai biyar ya canza su da abin da yake so, kamar zagaye a kan babur ɗin mahaifinsa.

Game da halin da ake so a rage, masana sun lura cewa yawanci ɗaya daga cikin abubuwa huɗu yaro ke nema da shi: a kula shi, ko a ba shi wani abu, ko ya tsere wa abin da ba ya so, ko kuma jikinsa ne ke jin daɗin motsin. Gane wanne ne daga ciki shi ne rabin aikin, kuma ba a gane shi da zato, sai da lura da rubutawa.

3.4 Ƙidaya da Rubuta Bayanai

Wannan shi ne ɓangaren da iyaye suka fi sakaci da shi, kuma shi ne ya raba shiri da tarbiyyar yau da kullum. Zuciya ba ta iya riƙe lissafi da adalci. Uwar da ɗanta ya kunyata ta a gidan suna jiya, idan likita ya tambaye ta yau za ta ce babu wani sauƙi, ko da kuwa kwana goma kafin nan lafiya lau aka yi. Wata kuma don kunyar likita sai ta ce da sauƙi alhali babu, domin a bakin Bahaushe amsar gaisuwar majinyaci ke nan. Littafi ba ya jin kunya, ba ya kuma fushi.

Kafin a sauya komai, ana ɗaukar mako guda ana ƙirga halin yadda yake. Wannan ƙidayar farko ita ce ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi. Littafin rubutu na 'yan firamare ya isa. A kowane shafi a ja layi uku: abin da ya faru kafin halin, halin kansa, da abin da aka yi wa yaron bayansa. Wannan tsari na gida uku ya samo asali daga aikin Sidney Bijou da abokansa a 1968. Ba dole ba ne a yi da boko. Matar da ta yi makarantar allo ko Islamiyya tana iya yi da ajami. Wadda ba ta rubutu sam tana iya yin abin da masu tallan nono da masu ba da bashi suka daɗe suna yi, wato zane a bango da gawayi, ko ta riƙa jefa ƙwayar wake a gwangwani duk lokacin da abin ya faru, da dare wani ɗan makaranta a gidan ya ƙirga ya rubuta. Agogo ma ba lalle ba ne, domin lokutan salla sun riga sun yanka yini: daga Asuba zuwa hantsi, zuwa Azahar, zuwa La'asar, zuwa Magariba, zuwa kwanciya. Gwangwani biyar sun isa su nuna lokacin da abin ya fi yawa.

Domin a fahimci amfanin wannan, bari a ƙaddara wani misali, wanda alƙalumansa na kwatance ne kawai. A ɗauka akwai yaro ɗan shekara 5 a Mabera ko Runjin Sambo, ba ya magana, yana kururuwa da birgima. A makon farko uwarsa ta ƙirga ta samu 9, 7, 10, 8, 11, 6 da 12, jimla 63, wato sau 9 a rana idan aka raba. Da aka duba gwangwanaye sai aka ga mafi yawan waken yana cikin na tsakanin La'asar da Magariba. Da aka duba littafi kuma sai aka ga cewa a wannan lokaci uwa tana bakin murhu, yayyensa sun tafi Islamiyya, kuma kusan duk lokacin da ya yi birgima sai ta bar tuƙi ta ɗauke shi. Ke nan ba iska ce ke tashi da yamma ba, yaron ya gano hanyar da ke kawo masa uwarsa ne. Maganin a nan shi ne a koya masa wata hanyar kira mai sauƙi, kamar ya taɓa zanenta ko ya miƙa mata wani hoto, ta kuma amsa masa nan take duk lokacin da ya yi haka, ta riƙa waiwayarsa tun kafin ya fara kuka, birgima kuwa ta daina jawo ɗauka.

A nan ne wani abu kan faru wanda ke karya gwiwar iyaye da yawa. A mako na biyu ƙidaya tana iya hawa zuwa 84, wato 12 a rana. Masana sun san da wannan hauhawa, domin duk wanda hanyar da ya saba ta toshe masa, sai ya ƙara ƙarfi kafin ya haƙura, kamar mai buga ƙofar da aka saba buɗe masa. Uwar da ba a gargaɗe ta ba za ta ce shirin ya ƙara lalata yaron, ta koma ɗauka, kuma da yin haka ta koya masa cewa ihu mai tsanani shi ke biya. Wadda ta daure kuwa tana iya ganin 49 a mako na uku, 21 a mako na shida. Sau uku a rana har yanzu abin damuwa ne ga mai kallo daga waje, amma mai littafi ta san daga 9 aka taso. Sai dai a lura, kau da kai ba ya halatta ga halin da ke da haɗari. Yaron da ke buga kansa a bango ko cizon kansa ko gudu zuwa titi, tare shi ake yi, kuma irin wannan sai da jagorancin likita.

Abin da ake koyarwa ma ana ƙirga shi. Idan an gwada wanke hannu sau biyar a yini, sai a sa alama a gaban kowane gwaji: da kansa ya yi, ko da nuni, ko sai da aka kama hannunsa. Ga mai fitsarin kwance, wanda likitoci ba su ɗaukarsa matsala sai yaro ya kai shekara 5, akan zana jadawalin kwanaki a manna a ɗaki. Ya fi kyau a yaba masa a kan abin da ke hannunsa, kamar yin fitsari kafin kwanciya da taya shanya tabarma, domin abin da ya faru cikin barci ba da gangan ya yi ba. Al'adar tara yara su yi masa waƙar amalala tana ƙara masa tsoro da kunya ne, ba ta ƙara wa mafitsara ƙarfi.

Yana da kyau a bar fili a gefen shafi don abubuwan da suka sauya yini. Zafin watannin Maris zuwa Mayu a Sakkwato, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, yana hana barci, yaron da bai yi barci ba kuwa ba ya koyo. Azumi yana juya lokutan abinci da na kwanciya. Zazzaɓi da baƙi da biki da ɗaukewar wuta duk suna taɓa ƙidaya. Wayar hannu ta kawo sauƙi a nan, domin hoton bidiyo na minti ɗaya yana nuna wa likita abin da dogon bayani ba zai nuna ba, saƙon murya ta WhatsApp kuma yana isar wa wadda ba ta rubutu. Amma irin wannan hoto sirrin yaro ne, bai kamata ya bar tsakanin iyaye da likita ba.

3.5 Inda Shirin ke Cin Karo da Al'ada

Littattafan da aka rubuta a Turai sun ƙaddara gida mai uwa da uba da 'ya'ya biyu. Gidan Basakkwace kuwa yakan ƙunshi kaka da abokiyar zama da matan ƙannen miji da 'yan riƙo, kuma kowa yana da hannu a kan yaro, tun da ɗa na kowa ne. Shirin kuma ba ya tafiya sai kowa ya amsa wa yaro iri ɗaya. Kaka ita ce ta fi wuyar sha'ani, saboda wasan da ke tsakaninta da jika. Da ta ji kukansa sai ta ce, "Ku ba ni maigidana, ku ne ba ku iya reno ba," ta kwance bakin zane ta ba shi alewa. Suruka ba ta da bakin da za ta hana. Mafita ita ce maigida ya yi wa mahaifiyarsa bayani da kansa, ko a tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita, sannan a ba ta matsayi a cikin shirin, ta zama ita ce mai riƙe gwangwanin tukuici. Tsohuwar da aka ba girma takan fi kowa tsare doka. Haka nan a gidan da ake karɓa-karɓar girki, littafi yana iya nuna cewa halin yaro yana hawa da sauka tare da kwanakin girkin uwarsa, ba don mugun nufin kowa ba, sai don a ranakun ne hankalinta ke rabuwa. Wannan bayani yana buƙatar a faɗe shi da hikima, don kada littafin koyarwa ya koma takardar ƙara tsakanin kishiyoyi.

Abu na biyu ya fi zurfi, wato kunyar ɗan fari. A ƙasar Sakkwato, inda al'adun Hausawa da na Fulani suka cakuɗe, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta yaba masa. Shirin kuwa yana neman ta kira shi, ta dubi idonsa, ta yi murna a fili idan ya yi daidai. Idan mai lalurar shi ne ɗan fari, to an sa yarinya mai ƙuruciya tsakanin umurnin likita da idon surukai. Ga kuma tsoron baki, wanda ke sa a guji yabon yaro ƙarara. A ganin wannan nazari ba sai an rushe al'adar ba. Uwa tana iya amfani da laƙabin da ake kiran yaron da shi, ta yi zaman koyarwa a cikin ɗakinta, a tsakar gida kuma gwaggo ko yaya ta karɓe ta. Yabon ma yana da sigar da al'ada ta yarda da ita. "Madalla," da "tubarkalla," da "Allah ya yi maka albarka," idan aka faɗe su da sakin fuska a daidai lokacin da yaro ya yi abin kirki, sun cika sharaɗin da masana suka gindaya.

Uba kuma ba mai biyan kuɗin mota da ba da izinin fita kawai ba ne. Abin da yaro ya koya a hannun uwa a ɗaki ba lalle ne ya yi shi a zaure ko a masallaci ko a shagon unguwa ba, sai an sake gwada shi a can, waɗannan wurare kuwa na maza ne. Duba littafin tare da uwa sau ɗaya a mako, ko da daren Juma'a ne, yana rage mata jin cewa ita kaɗai aka bar wa kayan. Ta fuskar isar da horon ga matan da ba su cika fita ba, garin yana da abin koyi a tarihinsa, domin a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da jajis na 'Yan Taru, waɗanda suka riƙa kai ilimi ga mata har inda suke. Malaman Islamiyyun matan aure da ma'aikatan lafiya na unguwa suna iya ɗaukar irin wannan aiki idan aka koya musu.

3.6 Komawa ga Likita da Littafi

Ranar komawa asibiti uwa ta tafi da littafin, ta kuma haɗa jimlar kowane mako a shafi ɗaya don kada lokacin ganawa ya ƙare a bincike. Idan ƙidaya ta nuna yaro yana yin aikin da kansa sau huɗu cikin biyar na kwanaki a jere, kuma a hannun mutum fiye da ɗaya, to an wuce wannan gaɓa, sai a ɗauki ta gaba. Idan an yi makonni babu motsi, ba yaron ake zargi ba, shirin ake dubawa: ko gaɓar ta yi girma, ko tukuicin ya gundure shi, ko wani a gidan yana warware abin da ake ƙullawa. Yaron da likita ya ɗora a kan magani, kamar na farfaɗiya, a rubuta ranar da aka fara da ranar da aka sauya adadi, domin a bambance aikin ƙwaya da aikin koyarwa. Akwai kuma alamun da ba a jiran ranar alƙawari a kansu: yaro ya rasa kalmomi ko ƙwarewar da ya riga ya samu, ko ya fara suma ko ƙamewa, ko ya ji wa kansa rauni, ko kuma ita uwar ta kai ga ba ta barci, ba ta cin abinci, tana jin hannunta na saurin kai masa duka.